Sallah Babu Nono a Simsim

Duk wanda ya san abincin Sallah a ƙasar Sudan ya san rabinsa saniya ce ke ba da shi. Tun daga shayin asuba har zuwa abin da za a ajiye wa baƙon la'asar, da wuya ka ɗaga murfin kwano ba ka tarar da madara ko nono ko man shanu a ciki ba. Da an sauko daga Idi za a fito da asida, wato tuwon dawa mai ɗan tsami, da miya biyu a gefenta: tagaliyya ja wur, da na'imiyya wadda da nono ake haɗa ta. Kowace sai an tsiyaya mata man shanu har ya kwanta a kai. Ga sha'iriyya, taliyar nan siririya da ake soyawa a barbaɗe da sukari. Ga ka'ak da bitifor da gurayyiba, waɗanda mata ke kwana uku suna murzawa kafin a ga wata. Ga shayi da madara da ba a sauke butarsa daga wuta sai dare. Mu Hausawa kuma muka ɗora namu a kai, fura da nono, da godogodo, wanda har Larabawan ƙasar nan suka san mu da shi kamar yadda suka san mu da agashe.

Ɗana na uku, wanda muke ce wa Auta tunda har yau ba a yi masa ƙani ba, jininsa ba ya shiri da duk abin da ya fito daga hantsar saniya. A nan muna kiran ciwon hasasiyya, da Larabci. 'Yan uwanmu na Kano da Katsina borin jini suke cewa, ko da yake nasa ya wuce ƙaiƙayi da ƙuraje. Shekararsa 6 yanzu. Sallah goma ke nan, ƙarama da babba, tun daga 2021, nake girka abincin gidanmu babu ɗigon madara, babu nono, babu man shanu.

Sunan garinmu ma abinci ne, don simsim da Larabci shi ne riɗi. Muna kudu da birnin Gadarif, a cikin ƙasar noman tarakta da ake takama da ita wajen dawa da riɗi. Irin wannan noma an fara shi ne a Gadambaliya a shekarun 1940, sannan a ƙarshen shekarun 1960 aka yanka filayen Simsim da rancen Bankin Duniya. Hausawa kuwa sun riga tarakta zuwa ƙasar nan. Wasu sun biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa kusa da Sinnar. Wasu, kamar kakannina, alhazan ƙasa ne da suka taso daga wajen Haɗeja da niyyar Makka, suka tsaya neman guzuri, noma ya karɓe su, zama ya yi zama.

Ƙasarmu baƙar laka ce. Da bazara tana tsagewa har ƙafar akuya ta faɗa, da damina kuma ta zama danƙo, ta riƙe mota sai an zo da tarakta an ja. Daga Yuli zuwa Satumba, tafiyar da za ka yi zuwa Gadarif ka dawo a yini tana iya cin kwana. Bayan girbi kuma makiyaya na gangarowa da shanu da tumaki su ci karan gonaki, nono ya yi arha, har kyautarsa ake aikowa gida a ƙwarya ko a jarka. Waɗannan abubuwa biyu, nisan asibiti da yawan nono, a tsakaninsu nake renon yaron nan.

Farkon abin yana wata takwas, ranar da aka fara ɗanɗana masa kunu da madara. Kafin a wanke kofin, fuskarsa da wuyansa sun yi rudu-rudu kamar wanda ƙudan zuma suka tarar, ya yi ta amai. Aka ce ƙila gero ne bai karɓe shi ba, aka ce ƙila zafi ne. Da aka sake gwadawa abin ya sake dawowa, sai na janye masa madara na bar shi da mama da kunun gyaɗa. Babban tashin hankalin sai a Babbar Sallar 2020, wadda ta faɗo a ƙarshen Yuli, shekarar da ruwa ya yi ɓarna a ƙasar nan. Mun shiga gaisuwa wani gida, wata baiwar Allah ta tsoma ɓallin burodi a salatar nono da kokwamba ta sa masa a baki, irin yadda kowace uwa ke yi wa ɗan maƙwabta. Cikin 'yan mintoci leɓɓansa suka kumbura, kukansa ya dishe, numfashinsa ya koma wani fito-fito. Allah ya sa ma'aikacin ɗakin shan magani yana gari, kuma yana da allurar adirinalin. Ya yi masa a cinya, numfashi ya dawo, ya ce duk da haka a wuce da shi Gadarif a daren, don abin yakan lafa ya sake tasowa. A bayan tarakta muka tafi, ni da babansa da kawunsa, na rufe shi da leda saboda yayyafi.

Likitar yaran da ta duba shi ta yi mana bayanin da har yau da shi nake aiki, kuma na ga mutanenmu da yawa suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai wanda in ya sha ɗanyar madara cikinsa zai kumbura, ya yi ta ƙugi, wataƙila ya yi gudawa, amma in ya sha nono mai tsami ko kindirmo lafiya lau. Wannan sukarin da ke cikin madara ne, laktos, hanjinsa ba ya iya narkarwa, kuma tsamin nono yana rage shi. Manya da yawa a cikinmu haka suke, ba ya kisa. Na Auta daban ne. Garkuwar jikinsa ce ke ɗaukar furotin ɗin madara a matsayin abokin gaba, ta tashi da yaƙi. Shi kuwa furotin ɗin, musamman wanda ake kira kazin, tafasawa ba ta kashe shi, tsami ba ya cire shi. Yana nan a nono, a cuku, a madarar gari, kuma ko man shanun da aka soya aka tace ba a rasa ɓurɓushinsa. Madarar akuya da ta tunkiya ma ba mafita ba ce, don furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya ƙwarai, yawancin yaran da wannan ta tayar wa, waccan ma za ta tayar musu. Maganin ƙaiƙayi na ruwa yana kwantar da ƙuraje, amma ba ya buɗe maƙogwaron da ya kumbura. Wannan sai allura, sai kuma asibiti.

Jin bayani a ɗakin likita abu ne mai sauƙi. Kai shi cikin gidan da surukarki ke da tulun man shanu a ƙarƙashin gado, shi ne aiki.

Surukata, da muke ce wa Inna, jikokinta kuma suna ce mata Haboba kamar yadda 'ya'yan Larabawa ke kiran kakarsu, ta haifi tara ta raini tara da fura da nono. Da muka dawo na faɗi abin da aka ce, sai ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, yaushe nono ya zama guba? Ɗanyar madara ce ta yi masa nauyi. A ba shi mai tsami kaɗan-kaɗan, cikinsa zai saba." Ban ga wautarta ba. Abin da ta gani a rayuwarta ta faɗa, kuma ga wancan ciwon na kumburin ciki maganarta daidai ce. Sai dai a kan wannan yaron shawarar tana iya raba shi da ransa, ni kuma ba ni da bakin da zan ce wa uwar mijina ba haka ba ne. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Inna." Da dare na sami maigida na ce ya roƙi Yaya, babbar yayarsu, ta sa baki. Yaya ce ta kawo dabarar da ta yi aiki: in za a koma ganin likita bayan ruwa ya ɗauke, a tafi da Inna, a ce za a duba mata gwiwa.

Aka duba gwiwar kuwa. Daga nan muka shiga wajen likitar yara tare. Matar nan ta san mutanenta. Ba ta ko kalle ni ba, Inna ta fuskanta, tana ce mata "ya Hajja", ta tambaye ta yadda ta ga leɓen yaron a daren nan, ta bar ta ta ba da labari da bakinta. Sannan ta ce yaron amana ne a hannun babbar gida, don yara da matan gida maganarta za su ji. A mota Inna ba ta ce uffan ba. Da muka iso ta sa aka ɗauke tulun man shanun aka kai saman rumbu inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ba ta taɓa cewa ta yarda ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

A ranakun da ba na biki ba, raba tukunya ya wadatar. Sallah ce ba ta rabuwa. A nan a faranti guda ake ci, babbar siniyya da ƙananan kwanuka jere a kanta, hannu na fita daga wannan miya ya faɗa waccan. Yatsan da ya taɓa na'imiyya shi zai yago naman da yaro zai ɗauka. Gida cike da baƙi, yara ashirin suna shiga suna fita, wa zai tsare kofin shayin da aka ajiye a gindin gado? Shi ya sa na yanke cewa kwana ukun Sallah gidan gaba ɗaya zai bi Auta. Ban so a zaunar da shi gefe da ɗan kwanonsa kamar mai kuturta, yana kallon 'yan uwansa.

Tagaliyya ba ta ba ni wahala ba, don asalinta babu nono: busasshiyar albasa da aka soya aka daka, sharmut wato busasshen nama, tumatir, tafarnuwa, kuzbara, sai garin busasshiyar kuɓewa da ake kira weka. Man shanun da ake zubawa a kai kawai na musanya da man riɗi. Shi kuwa a Simsim ba a nemansa. Har yanzu akwai masu matse shi a turmin katako, raƙumi da ido a ɗaure yana zagayawa, kuma wanda ya saba da wannan man ba ya kallon na gwangwani.

Na'imiyya ce ta ja ni Sallah uku. Daɗinta a abu biyu yake, kauri mai santsi da ɗan tsamin nan da ke tsaya maka a gefen harshe, kuma duka biyun nono ne ke kawo su. Lemon tsami ya ba ni tsami amma miyar ta tsinke. Tsamiya, da ake ce wa aradeb a nan, ta baƙanta ta, ta koma wata miya daban. Abin da ya zauna daga ƙarshe shi ne 'ya'yan kuka, gongoles. Ina jiƙa cikin kofi guda a ruwa kofi biyu tun dare, in murje da safe in tace, ya fito fari da kauri kamar kindirmo. In dama shi da cokali uku na dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, wadda dama tana cikin miyar. Bayan albasa da sharmut da tumatir sun soyu, sai in zuba wannan haɗin in rage wuta, ina burgawa da maburgi ba tsayawa, sannan weka a ƙarshe. In wuta ta yi yawa tsamin yana yin kaifi, sai an gyara da ɗan sukari. Ba zan ce ba a gane bambanci ba. Mai harshe zai gane. Amma kwanon yana dawowa a sharce, kuma kawun yaran da ya fi kowa tsegumin miya sai a Sallah ta biyu ya tambaya nonon wace Bafulatana ce wannan.

Dabarar kuka ba tawa ba ce. Inna ce ta tuna mini, wata rana tana kallona ina fama da lemon tsami, ta ce ai ko masu tallan nono in rani ya yi shanu sun ƙafe da garin kuka suke ƙara masa auki. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ce iyayensu da suka ratso Chadi da Darfur a ƙasa, wa ya ba su nono kullum? Da ruwan tsamiya suke dama fura. Kunun gyaɗa, kunun tsamiya, kunun kanwa, ɗanwake da man gyaɗa, waina da miyar taushe, dakuwa, kantun riɗi, ta yi ta lissafowa tana lanƙwasa yatsu. Na lura rabin abincin da Bahaushe ya gada bai san saniya ba sam. Mu ne zaman wuri mai arhar nono ya sa muka manta.

Yanzu godogodon Sallah ita ke dama shi da hannunta. Garin gero da citta da kanumfari da ɗan barkono, a dafa shi da gudaji-gudajinsa, in ya huce a sake shi da ruwan kuka da madarar gyaɗa maimakon nono. Madarar gyaɗar ba wuya: a jiƙa ɗanyar gyaɗa, a murje ɓawon, a niƙa, a tace, a tafasa sosai har ƙamshin ɗanyen ya fita. Ita ce ma nake zubawa a shayi, don ta fi jure zafi. Madarar riɗi na gwada, tana da daɗi da dabino in an sha da sanyi, amma a shayi mai zafi tsinkewa take yi, kuma a zafin garinmu ba ta kwana. Maza dai yawancinsu sun koma jan shayi da kirfa da na'ana, ko jabana, gahawar nan mai citta, ba su ma yi ƙorafi ba.

Ka'ak kuwa sai an yi haƙuri da shi. Ga kilo guda na fulawa ina sa mai kofi ɗaya da rabi, rabi na riɗi rabi na gyaɗa, don na riɗi zalla ƙamshinsa yana danne komai. Mai na ruwa ya fi man shanu saurin jiƙa gari, saboda haka in an saba sa kofi huɗu na man shanu, uku sun isa. Ina ɗora man ya yi zafi, in watsa soyayyen riɗi a tsakiyar garin, in kwarara man a kai ya yi ƙara, in juya da muciya, in ya huce in murza da tafin hannu har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi. Sannan yis da ruwan ɗumi da ɗan sukari da habbahan. Kada a cuɗa shi kamar burodi, haɗe shi kawai ake yi, in ba haka ba ya yi tauri. Gurayyiba ce ta ƙi mai na ruwa ƙememe, don sai da daskararren mai take narkewa a baki. Na gwada kakiden rago, ta yi kyau a ido, amma yara suka ce alewa mai warin layya. Na koma man gwangwani na tsirrai, shi ma sai na karanta jikinsa tukuna, don wasu ana sa musu madara ko ƙamshin man shanu. Bitifor ba shi da matsala tunda ƙwai yana riƙe shi, kuma Auta yana cin ƙwai.

A nan ya kamata in ja kunnen duk wadda za ta ɗauki wannan ta yi aiki da shi. Gyaɗa da riɗi da ƙwai da suka cece ni, su ne ajalin wani yaron. Suna cikin manyan abincin da ke tayar da irin wannan ciwo a duniya. A Amurka ma tun daga farkon 2023 doka ta wajabta a rubuta riɗi a jikin kayan abinci, ya zama na tara a jerin da madara da ƙwai da gyaɗa ke ciki. Ni na san ɗana yana cinsu lafiya tun kafin in dogara da su, kuma likita ta tabbatar. Haka nan madarar gyaɗa ko ta riɗi ba ta maye gurbin mama ga jariri. Don ƙashi da haƙori kuma, tunda ya rasa alli na madara, ina yawaita masa miyar kuka, zogale, riɗi, wake, da ƙananan busassun kifin da ake dakawa da ƙayarsu.

Abin da ya fi girkin kansa wuya shi ne kayan girkin. Ƙwarya da muciya da maburgi suna shan abin da aka zuba musu, wanki ba ya fitar da shi duka. Na sayi sababbi na ɗaura musu jan zare, kowa a gidan ya san mai jan zare ba ya taɓa nono. Sai kuma gidan burodi. Al'adarmu a nan, kowane gida na jera ka'ak ɗinsa a manyan farantan ƙarfe a kai wa mai tanda ya gasa, farantan kuma aro ake yi, suna yawo gida-gida da maiƙon man shanun wasu a jikinsu. Na sa maƙeri ya buga mini guda huɗu nawa na kaina, ba na ara, ba na bayarwa. Wannan ya jawo mini magana a unguwa fiye da komai. An ce rowa, an ce iyayin 'yan boko. Wata goggon maigida da ta saba aiko mana da ƙwaryar fura da nono duk Sallah, da aka mayar mata da bayani cikin ladabi, ta ce ba a taɓa mayar mata da abin hannunta ba sai a gidan ɗan ƙaninta. Shekara huɗu ke nan tana gaishe ni da baki ɗaya. Ina zuwa in durƙusa in gaishe ta, in kai mata ka'ak ɗina, ta karɓa ta ajiye ba ta buɗe ba.

Ban raina ɓacin ranta ba. A ƙasar nan ƙin cin abincin mutum kusan zagi ne. Baƙo ya ce ya ƙoshi, mai gida ya haɗa shi da Allah, wani ma har ya rantse da sakin matarsa a kan kofin shayi. To yaro ɗan shekara huɗu da aka saka wa alewar madara a tafin hannu, babba na tsaye a kansa yana cewa ci mana, yaya zai yi? Yawon Sallah shi ne abin da ke hana ni barci, ba tukunya ba. Hana shi fita zalunci ne, barinsa kuma kasada.

Abin da muka yi, tun yana koyon magana muka koya masa tambaya guda da harshe biyu: "Akwai nono a ciki?" da "Fihu laban?" Muka koya masa ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya sa a aljihu, kada ya kai baki sai an dawo gida na duba. Duk alewar da ya kawo ina musanya masa da tahniyya ko kantu ko dabino, biyu a madadin ɗaya, shi ya sa ba ya ɓoyewa. Yayarsa mai shekara 11 ke riƙe da hannunsa, da 'yar jaka mai ka'ak ɗinmu, in an shiga gida an kawo faranti sai ta fito masa da nasa. Ita ke karanta jikin biskit, ta san kalmomin da ake nema: halib, laban, zibda, kazin, da masl al-laban. Kafin kowace Sallah kuma Inna da kanta take zagaya gidajen da yaran za su shiga, da sandarta, Hausawa da Larabawa da mutanen Darfur da ke unguwar. Na taɓa jin ta ta katanga tana ce wa wata maƙwabciya, "Jikan nan nawa, ko ya yi kuka, ko ya roƙe ki, ruwa kawai za ki ba shi. In kin ba shi wani abu, ni da ke ne." Maganar da in ni na faɗa za a ce fitsara, daga bakinta umarni ce.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, saura kwana shida Ƙaramar Sallah, bai iso garinmu da bindiga ba, amma ya iso ta wasu hanyoyi. Magunguna daga Khartum suke zuwa, suka yanke. Allurar adirinalin tana da wa'adi, zafi kuma yana lalata ta, sai mun yi ta aike kafin a samo sabuwa, mu kai wa ma'aikacin ɗakin shan magani ya ajiye da sunan yaron, ɗaya kuma a gida cikin tulun ƙasa mai sanyi, shi ya koya wa babansa yadda ake yi. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar shekarar, 'yan uwa suka kwararo jihar Gadarif. Gidanmu mai mutum tara ya koma ashirin da uku. Cikinsu akwai masu jarirai da gwangwanayen madarar gari, akwai tsofaffin da ba su iya karyawa sai da shayi da madara. Ba za ka ce wa wanda ya baro gidansa da kayan jikinsa kada ya sha abin da ya saba ba. Muka ware rumfa guda a bayan gida, can ake haɗa duk abin da ke da madara, da kofunansa da bahon wankinsa, a wanke hannu da sabulu kafin a dawo tsakar gida. Auta ya san rumfar nan ba tasa ba ce, ko ƙwallonsa ta faɗa ciki sai ya kira wani.

Babbar Sallar 2024, a tsakiyar Yuni, da wannan taron muka yi ta. Ita dama ta fi sauƙi, don nama ne sarki: shayya a kan garwashi, marara, kamuniyya, fatta da romo, ga agashen da mazan gidan ke yi da ƙuli-ƙuli da yaji. Salatar nono kawai na cire, na sa salatar dakwa da tumatir da albasa da lemon tsami, salatar gauta baƙi kuma na haɗa ta da tahina. Aka jera tulunan zoɓo da tsamiya da gongoles. Wata matar ƙanin maigida da ta taso a Madani, wadda ta iya girkin birni, ta tsaya a kaina ina burga na'imiyya washegari, ta ɗanɗana, ta ce a ƙara tafarnuwa da ɗan shamar. Ta yi gaskiya, tun daga ranar haka nake yi. Da suka koma gida bayan an buɗe hanya, ta tafi da rabin buhun 'ya'yan kuka.

Likita ta ce yara da yawa suna rabuwa da wannan ciwo in sun girma, wasu kafin su shiga makaranta, wasu sai daga baya, wasu kuma suna tafiya da shi. Ba a gane wa ya warke ta hanyar gwaji a gida. A asibiti ake yi, a gaban likita, da allura a kusa, a fara da ɗan ɓallin abin da aka gasa da madara a ciki, a zauna a jira. Ta ba mu lokaci bayan an gama yankan riɗi, in hanya ta bushe kuma kuɗin amfanin gona ya shigo. Auta ya ji ana maganar, ya tambayi kakarsa wai man shanu ɗanɗanon me gare shi. Ta ce masa ɗanɗanon man riɗi ne da ya yi ƙiba. Ta riga ta gaya wa babansa cewa da ita za a je, a gaban mota, saboda gwiwa.